Zanen gadon da na kai jeren autarmu

Kun dai san bakina da ɗaukar alkawari. Da aka sa ranar auren autarmu, wannan ta ce za ta kawo kuloli, waccan ta ce labule, ni kuwa na ce zanen gado na haɗe-haɗe, irin wanda matan Amurka suke ɗinkawa da guntayen ƙyalle, don na gani a waya. Na je kasuwar Katako wurin Baba tela na kwaso ragowar atamfa cike da buhu, ko dala bai karɓa ba. Na yanka masu kusurwa huɗu, santimita 12 kowane gefe, don in an ci santimita ɗaya-ɗaya wajen ɗinki su dawo 10. Masu kusurwa uku kuma na raba irin waɗannan 12 ɗin biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Da na haɗa su sai suka ƙi kai tsawon ƴan'uwansu, na riƙa ja suna miƙewa, na ce alhamdulillahi, ashe ƙyalle ma yana jin magana. Na bi su da dutsen guga na gawayi, na naɗe a leda sabuwa, muka kama hanyar Wadata ranar jere.

To, a ɗakin amarya aka yi ta.

An kafa gado, an ɗora katifa, mata sun cika ɗaki har baƙin ƙofa, dangin ango ma sun leƙo ganin kaya. Yaya ta ce, "Ina mai zanen Turawa? Fito da shi mu sha kallo." Ni da kaina na warware. Na kama gefe, Yaya ta kama gefe, muka shimfiɗa. Ɓangaren kai ya rufe katifa har ya zubo ƙasa, ɓangaren ƙafa kuwa ya tsaya a hanya, katifa tana leƙen mutane. Yaya ta ja ta can, nan ya buɗe. Na ja ta nan, can ya buɗe. Muka juya shi, wai ko mun sa shi a gicciye ne. Tsakiyarsa ta tashi tulu-tulu kamar an ɓoye kaji a ƙarƙashi. Na sa tafin hannu na danne wuri ɗaya, ya kumburo a wani wurin. Ɗaki ya yi tsit, in ban da fanka.

Sai Goggo, wadda ta taso tun daga Tawa don bikin nan, ta matso da sandarta ta taɓa shi. Ta ce, "Ɗiyata, wanga mi ne ne?" Na ce taurari ne, Goggo. Ta sunkuya ta duba da kyau, ta ce, "Awo. To wa ya cinye musu kawuna?" Tsinin kowane tauraro ya shige cikin ɗinki, duk sun zama gundul. Wata cikin dangin ango ta ce Masha Allah, irin Masha Allah ɗin da kun sani.

Duk wannan da na shanye. Abin da ban shanye ba shi ne Maman Biyu. Ita ta fara sakin dariya, har da zama a ƙasa tana dukan cinya, ɗankwali ya faɗi ba ta ɗauka ba. Matar da ko maɓalli ya cire mata sai ta aika wurin tela! Matar da ta kwashi adashi tun kafin azumi, har yau zubi biyu na kanta, kullum sai a ce maigida bai dawo daga Kwatano ba. Kular da na kai mata dambun zogale ranar sunansu ma tana gidanta, na gan ta da idona a kan firjinta, an zuba goro a ciki. Ban taɓa yi mata magana ba saboda ina da kunya. Kuma wai ita ce da bakin cewa a kai wa masu gadi su shimfiɗa.

Ba ta tsaya nan ba, ta ƙwala wa ƴarta kira, wannan mai gilashin da ke koleji. Yarinya ta fito da ma'auni daga jakar makaranta, ta hau gadon amarya tana awo a gaban kowa. Ta ce, "Tanti, in kika raba 12 biyu ta kusurwa kika sake haɗawa da ɗinkin santimita ɗaya, 10 da rabi da ɗan ɗoriya za ki samu, ba 12 ba. Ɗinkin tsakiyar ya ci kusan ɗaya da rabi." Na ce mata in ta gama lissafin ta sauko, da takalmi ta hau.

Da na mayar wa Baba tela buhunsa, ashe labari ya riga ni zuwa. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce na masu kusurwa uku 13 da rabi ake yankawa, shi ma 14 yake yi, in ya haɗa ya datse rarar. Kuma ba a raba su tukuna: a kifa ƙyalle biyu fuska da fuska, a ja layi da alli daga kusurwa zuwa kusurwa, a ɗinka dama da hagun layin, sannan a sa almakashi. Dalili, duk yankan da ya bi karkace miƙewa yake yi da an taɓa shi, balle a ja. Guga ma ɗorawa ake yi a ɗaga, ba a gurzawa. Ya liƙa ɗan salatif a jikin kekensa daidai santimita ɗaya daga allura, ya ce in kowane ɗinki ya kauce da milimita 2, kafin ki haɗa goma sha biyu a jere kin yi asarar kusan santimita 4 da rabi. Bakin ɗinkin layi ɗaya a kwantar da shi dama, na biye hagu, sai su cije juna a mahaɗa. Na ce Baba, ranar da na kwashi ƙyallen me ya hana ka faɗa mini? Ya ce cewa na yi na gani a waya.

Ita ma Baturiyar wayar da nata alhakin. Da inci take magana, bakin ɗinkinta rubu'in inci ne, wajen milimita 6, ga Turancinta da sauri, ga kuɗin intanet yana ƙarewa.

Amarya dai ta ce tana so, an ninke shi huɗu an rufe akwatuna da shi. Goggo ta koma Tawa ranar Talata, an ce tun a tashar mota ta fara ba da labari. Wanda zai bi ta Bukoki, unguwar su Maman Biyu, a cikinku, don Allah ya karɓo mini kulata, ruwan ɗorawa ce, murfinta ya ɗan tsage.