Kolmani: a tambayi dutse kafin a yi kukan makirci

Ranar Asabar da ta wuce, a teburin mai shayi a Samaru, wani dattijo ya buga hannu a benci ya ce shirun da aka yi kan man Kolmani makirci ne, ba wani abu ba. Hujjarsa ita ce wadda kowa ya haddace: Nijar na haƙo mai, Chadi na haƙowa, katanga ɗaya muke da su, to ta yaya namu zai ɓuya? Wani yaro ɗan ajin ƙarshe a sashen jiyoloji (ilimin duwatsu da ƙasa) na ABU ya buɗe baki zai sa baki, aka ce masa, "Kai ɗan nan, bari manya su gama." Ya haɗiye maganarsa da shayinsa. To, ni zan faɗa a madadinsa, don wannan zance ya ishe ni.

Kowa ya tuna ranar 22 ga Nuwamba, 2022, da Buhari ya je ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, aka yi ta ambaton ganga biliyan ɗaya. Abin da ba a son tunawa shi ne Shell ta haƙa rijiya a wannan wuri tun 1999, ta tarar da gas, ta tattara kayanta. Haka nan NNPC ta haƙa rijiyoyi 23 a ɓangaren Borno na kwarin Chadi, biyu kacal, Wadi da Kinasar, suka nuna alamar gas. Shugabanni 'yan Arewa nawa aka yi a tsawon waɗannan shekaru? Su ma da su aka ƙulla makircin?

Mai ba ruwansa da maƙwabtaka. Je ka hau dutsen Kufena ka taɓa shi da hannunka. Narkakken dutse ne da ya daskare can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, kuma a kan danginsa Zariya take zaune. Ko za ka haƙa har jikokinka su karɓe ka, ba za ka samu cokali ɗaya na mai ba. Sai a kwari, inda ƙasa ta lotsa, rafuka da teku suka yi ta zuba yashi da laka shimfiɗa kan shimfiɗa.

Kwarin Binuwai, wanda Kolmani ke reshensa na Gongola, irin wannan wuri ne. Ya tsage ne sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Kudancin Amurka ke ɓallewa daga Afirka. Tsagar ta so ta zama teku, ba ta kai ba. Da farko rafuka suka cika ta da yashi, shi ne dutsen yashin Bima, mai sunan tsaunin nan na jihar Gombe. Daga baya teku ta shigo ta kwanta, ta bar baƙar laka da farar ƙasar da kamfanin siminti ke fasawa a Ashaka. Sannan ruwan ya janye, ƙasa ta matsu, shimfiɗun suka lanƙwashe, aman wuta ya ratsa wasu wurare.

Ta ina aka san haka? Da guduma da ɗan madubin ƙara girma da haƙuri. Ɗalibi zai tsuguna gaban gaɓar rafi ya ga layukan yashi sun karkata gefe guda, ya gane inda ruwa ya nufa a wancan zamani. Tsakuwa manya na nuna rafi mai ƙarfi, laka mai laushi na nuna ruwa kwantacce. Ɓawon halittun teku a cikin dutse na faɗa masa zurfin ruwan da kuma zamaninsa. Ko Sakkwato, da muke wa kallon bakin hamada, an tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban teku a yankinta, har aka raɗa masa suna Goronyosaurus saboda garin Goronyo.

Wannan tarihin shi ke yanke hukunci, kuma sharuɗɗansa ba sa karɓar alfarma. Dole a samu lakar da ta binne matattun ƙananan halittu da yawa. Dole ta nutse ta dahu daidai: in zafi ya gaza ba mai, in ya wuce kima sai gas, kamar tuwon da aka manta a wuta. Dole a samu dutsen yashi mai ƙofofi da man zai taru a ciki, da murfin laka a samansa, da lanƙwasar da za ta tsare shi. Ga kuma wanda masu majalisar mai shayi ba su taɓa ji ba: dole tarkon ya riga man zuwa. In lanƙwasar ta zo bayan man ya wuce, an yi shuka a idon makwarwa. A Agadem ta Nijar waɗannan abubuwa sun haɗu a kwarin Termit, shi ya sa matatar Damagaram ke aiki tun 2011. Haɗuwarsu a can ba ta ci bashin haɗuwa a nan ba.

Akwai kuma masu cewa ba ɗigon mai a Arewa, duk kuɗin da aka kashe asara ce. Waɗannan ko taswirar duwatsun ƙasar nan ba su taɓa buɗewa ba, ba sai mun ɓata yawu a kansu ba.

Abin da ke ba ni haushi da zancen makirci shi ne yana wa 'yan siyasa aiki kyauta. Mutumin da ya yarda cewa mai na nan jibge, mugunta ce kawai ta hana, ba zai taɓa tambayar rahoton rijiya ba. Za a kafa masa rumfa, a yanka kyalle, a kira makaɗa, ya tafa ya koma gida. Alhali a watan Yulin 2017, a yankin Magumeri, ma'aikatan Jami'ar Maiduguri sun rasa rayukansu a harin Boko Haram suna wannan aiki na karanta ƙasa. Wa ke ambatonsu a majalisa?

Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin ɗari na ribar man NNPC don bincike a irin waɗannan kwaruruka. A gutsura wa sassan jiyoloji na Zariya da Maiduguri da Bauchi da Sakkwato wani abu. A buɗe musu bayanan tsofaffin rijiyoyin nan da gutsattsarin duwatsun da aka zaƙulo, su nazarta, su faɗa mana da Hausa.

Da majalisa ta watse na tsayar da yaron na ce, "Me ka so faɗa ɗazu?" Ya laluba aljihun jakarsa ya miƙo mini wani ɗan farin dutse mai zanen ɓawo a naɗe kamar na dodon koɗi. Ya ce, "Baba, a Ashaka na tsinto shi. So na yi kawai in nuna wa Alhaji."