Ruwan da muka roƙa ya sauka

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Makonni kaɗan da suka wuce, a nan Anguwar Rogo da ke Jos, in ka zura guga a rijiya laka yake dawo maka da ita. Yara na jera jarkoki a bakin burtsatse tun kafin kiran assalatu, ɗan garuwa kuwa sai ka yi masa magiya. Muka fita roƙon ruwa, muka juya riguna, na ga dattawa suna share hawaye. Sai ga shi cikin dare ɗaya sama ta buɗe, irin ruwan da tsofaffinmu suka ce sun daɗe ba su ga kamarsa ba. Allah Ya yi gaskiya a Suratus Shura, aya ta 28: Shi ne Mai saukar da ruwa bayan mutane sun yanke ƙauna.

To amma da gari ya waye, abin da na gani ya sosa min rai. An aiko yaro da bokitin shara ya juye a kwata, wai ruwa zai tafi da ita. Ya kai ta ina? Rafin Dilimi, da rijiyar maƙwabcinka. Ƙasar da ta daɗe a bushe ba ta shanye ruwa mai ƙarfi nan take, gudu yake yi a kanta, ya kwashi juji da abin da ke cikin masai, ya zuba a duk rijiyar da bakinta ke buɗe. Ta nan amai da gudawa ke shigo mana gida. Haba jama'a, ni'imar da muka yi kuka a kanta ce za mu mayar cuta da hannunmu?

Kada mu manta da Yulin 2012, muna cikin azumi, da madatsar Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya ci rayuka a unguwannin Rikkos da Gangare. Allah Ya jiƙansu. Ko a zamanin Manzon Allah (SAW) da aka yi mako guda ana ruwa a Madina, addu'a ya yi: Allahumma hawalaina wa la alaina, ya Allah a kewayenmu, ba a kanmu ba.

Mu riƙe wannan addu'ar. Iyaye mata, don Allah a tafasa ruwan sha ko da ya yi garau a ido. Magidanta a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi. Matasa kuma, Asabar bayan sallar asuba, kowa ya fito da shebur mu yashe kwatar layinmu.