Ba kowace mota ƙwaya ɗaya ke riƙe farashi ba

Wani mai rubutu ya ce motar tsere da aka ƙera guda ɗaya tak ba ta taɓa faɗuwa a kasuwa. A nan ban yarda da shi ba. Masu gwanjo sun fi duba tarihin mota da takardunta. Mercedes 300 SLR Uhlenhaut da aka sayar Yuro miliyan 135 a 2022 guda biyu aka ƙera a 1955, kuma daga hannun kamfanin ta fito. Ferrari 250 GTO kuwa guda 36 ne, amma ɗaya ta kai Dala miliyan 48.4 a 2018, saboda ta yi tsere kuma an san duk hannun da ta bi.

Motar da wani attajiri ya sa aka ƙera masa da launi da kujerun da yake so, wahalar sayarwa gare ta. Babu irinta da za a kwatanta farashi, kuma ba lallai abin da ya burge shi ya burge mai saye ba. Idan gilashi ko ƙofa ta fashe, sai an sake ƙerawa da hannu.

Mai saye ya fara duba lambar inji da ta giya, su dace da rajistar kamfani. Injin da aka canza na zubar da farashi sosai. Ajiya ma tana ɓata mota: man birki na shan danshi, dole a canza shi duk shekara 2, fetur ya lalace a tanki, tayoyi su lotse a wuri ɗaya, robobin inji su bushe su fara yoyo.