Yen ba ya hana ƙasa motsi

Wani ya zo ƙarƙashin rubutuna na jiya, inda na ce Japan ba wurin haƙa ramin binne sharar nukiliya ba ce, yana min wa'azi, wai "ai Finland ta haƙa nata, me zai hana Japan?" Sannu da ƙoƙari, Malam. Wato a wurinka duk rami rami ne.

Dutsen Olkiluoto da aka haƙa Onkalo, wato ramin na Finland, a cikinsa ya kusa shekara biliyan 2 a kwance. Sun nutsa fiye da mita 400, za su rufe sharar nukiliya cikin tukwanen jan ƙarfe, su lulluɓe da yumɓu, da nufin ta zauna shekara 100,000. Japan kuwa a kan mahaɗar manyan ɓangarori huɗu na ɓawon duniya take, ga duwatsu masu aman wuta ko'ina. Su biyun ne ɗaya?

Yanayin ƙarƙashin ƙasa ne ke zaɓen wuri, ba magajin gari ba. Garuruwan Suttsu da Kamoenai a tsibirin Hokkaido na Japan sun yarda a fara binciken ko ramin zai yiwu a wurinsu a 2020, kowanne da tallafin da ya kai yen (kuɗin Japan) biliyan 2. Wallahi ban ga laifinsu ba, garuruwa ne da matasa ke gudu suna barin tsofaffi. Amma kuɗi ba ya ɗinke tsagar ƙasa. A 2023 masana ilimin ƙasa kusan 300 suka sa hannu cewa babu wurin da ya dace a Japan kaf. Su ma hassada ce ko?

Na san za ku ce can ƙasa girgiza ba ta kai ta sama ƙarfi ba. Na ji. Ni ruwa nake tsoro. Dutse ya tsage, ruwa ya samu hanya, shi ke nan ya kwashi guba ya yi gaba. Ku je ku tambayi Jamus labarin Asse, gangar sharar nukiliya kusan 126,000 cikin ramin gishiri, ruwa na kwarara ciki tun 1988. Amurka ta zaɓi dutsen Yucca don nata ramin a 1987, a 1992 girgiza mai ƙarfin 5.6 ta auku dab da wurin. Yanayin ƙarƙashin ƙasa ne ke zaɓe, na sake faɗa.

Af, kun san me ya fasa ganga a ramin sharar nukiliya na New Mexico a Amurka a 2014 har aka rufe shi kusan shekara uku? Irin yashin da ake zuba wa kyanwa ta yi bayan gida ne, aka sayo wanda bai dace ba aka cusa a gangar. Yashin kyanwa fa, jama'a.