Kwana Ɗaya a Bakin Kwazazzabo Ba Asarar Kuɗi Ba Ce

Makonni kaɗan da suka wuce, ƙanina da ke karatu a jihar Arizona ta Amurka ya turo hotuna a zauren WhatsApp na gidanmu. Shi da abokansa uku sun tashi daga birnin Finiks ranar Asabar da hantsi, suka yi tafiyar kusan awa huɗu a mota zuwa Grand Canyon, suka kwana ɗaya, suka juyo ranar Lahadi. Kawunmu na Unguwar Rogo, wanda ba ya ɓoye abin da ke ransa, ya aiko da saƙon murya yana cewa, "Yanzu fisabilillahi, ɗan nan, ka ƙona mai, ka biya kuɗin masauki, don kawai ka je ka leƙa rami?" Kowa ya yi dariya, har da ni. Sai dai maganar ta tsaya mini a rai, domin ra'ayin Kawu shi ne ra'ayin yawancinmu a nan Jos, ni kuma ban yarda da shi ba.

Ramin da Kawu yake nufi kwazazzabo ne da Kogin Kolorado ya shafe miliyoyin shekaru yana zaizaye dutse har ya samar da shi. Tsawonsa kilomita 446 ne, zurfinsa kuma a wasu wurare ya kai mita 1,800. Garin Jos, duk da sanyin da muke taƙama da shi, yana bisa tsayin kusan mita 1,200 ne daga doron teku, wato ko da a ce mutum zai gangaro daga Jos har bakin ruwan Legas a miƙe, bai sauka zurfin wannan kwazazzabo ba. Tun 1919 gwamnatin Amurka ta killace wurin ya zama gandun ƙasa.

Amma ba Amurka ce ta sa na yi wannan rubutu ba, domin kaɗan ne daga cikinmu za su taɓa zuwa can. Abin da nake karewa shi ne irin tafiyar kanta, wato mutum ya tashi daga gida, ya je ya ga wani aiki na Ubangiji a bayan ƙasa, ya kwana a wurin, ya dawo washegari ya ci gaba da harkokinsa. Na yi irinta a ranin da ya wuce zuwa gandun dajin Yankari, ni da abokai uku a mota ɗaya. Mun bar Jos bayan karin kumallo, muka bi ta Tilden Fulani da Magama Gumau da Nabordo, muna gangarowa daga tsauni zafi yana ƙaruwa, har rigunan sanyin da muka fito da su suka koma bayan mota tun kafin mu hango dutsen Zaranda. Daga Bauchi muka ɗauki hanyar Gombe, muka ratse a Dindima, muka isa ƙofar Mainamaji, daga nan kuma akwai sauran tafiya mai ɗan tsawo a cikin daji kafin sansanin Wikki. An kafa wannan gandu a 1956, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan aka mayar da shi hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006.

Ruwan ɗumi na Wikki yana cikin wani ɗan kwazazzabo ne a ƙasan sansanin. Ana saukowa ta matakala, sai mutum ya tarar da ruwa garai-garai yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin katangar dutse, itatuwa sun yi masa rumfa, yashin ƙasansa yana bayyane kamar babu ruwa a kansa. Ɗuminsa ba ya sauyawa, digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Da rana ba a cika gane darajar wannan ɗumi ba, tun da iskar waje ma zafi gare ta. Sai da asuba, bayan mun yi salla, iskar hunturu tana kaɗawa, na gangara na sa ƙafata a ciki, sannan na fahimci abin da ya sa ake yi wa wurin suna. Daga nan muka hau motar zagaya daji tun rana ba ta ɗaga ba, muka ga gwambaza da ɓauna a kusa da Kogin Gaji, inda namun daji ke taruwa da rani saboda ruwa. Ba mu ga giwa ba, kuma ba zan yi ƙaryar mun gani ba.

A nan ne nake saɓa wa masu cewa a je a dawo a rana guda don a rage kashe kuɗi. Wanda ya yi haka yakan isa ne da tsakar rana, lokacin da dabbobi suka shige inuwa, ya yi wanka cikin gaggawa yana duba agogo, ya kori bika daga ledar abincinsa, kafin la'asar kuma hankalinsa ya koma kan hanya. Ya biya kuɗin mai cif, amma ya rasa yammaci da asuba, waɗanda su ne lokutan da wurin ke nuna kansa. Ƙanina ma abin da ya faɗa ke nan game da nasu kwazazzabon, cewa da rana tsaka duwatsun kamar an shafe su da toka suke, sai rana ta kusa faɗuwa launukansu ke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma batun tsaro, wanda ba wanda zai yi wasa da shi a ƙasar nan: kwana ɗayan nan shi ne ke hana mutum tuƙin dare a gajiye.

Na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowace tafiya sai an yi mata lissafi, kuma magidancin da ke fama da kuɗin makaranta ba shi da laifi idan ya ce ba yanzu ba. Shi ma yana da duwatsun Shere da na Riyom da ruwan Assop a kusa da gida. Ƙorafina yana kan waɗanda ke da hali, waɗanda ba sa jin ciwon ɗinka anko uku a biki ɗaya ko hawa jirgi zuwa Dubai don zagaya kantuna, amma da zarar an ambaci daji ko dutse sai su ce almubazzaranci ne. Mu huɗun nan mun raba kuɗin mai da na ɗaki a tsakaninmu, kuma abin da ya faɗo kan kowa bai kai kuɗin shadda mai kyau guda ɗaya ba.

Kwana ɗaya ba ya isa a ga komai. Ba mu samu zuwa kogwannin Marshall ba, ɗakunan nan da mutanen zamanin da can suka sassaƙa a jikin dutse, kuma har yanzu abin yana raina. Da na kai wa Kawu gaisuwa ranar Juma'a na nuna masa hotunan Wikki, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko ruwan ɗumin yana taimakon ciwon gwiwa. Na ce masa, "Kawu, ni ba likita ba ne, amma motata tana da wurin mutum ɗaya." Ya ce zai yi shawara, da sharaɗin ni zan sayi mai kuma ba za a sa shi gaba da birai ba. Mun tsayar da watan Fabrairu, in Allah ya kai mu.