Ƙofar mage da na kai wa Hajiya tsaraba

Da Hajiya ta zare abin daga leda sai da ta juya shi sau uku. Ta sa yatsa ta tura marfin, ya yi gaba ya dawo ya ce ƙas. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Wannan kuma fa? Tagar akurki ce?"

Na ce, "A'a Hajiya, ƙofar mage ce."

Ta ajiye shi a gefen tabarma kusa da turare da man zafin da na kawo mata, ta ce, "Allah ya yi albarka. Amma duk tsarabar da ke Ingila, wadda za a huda wa yayanka gida da ita ka ga ta dace?"

Ban ga laifinta ba, don ni ma dariya na yi ranar da na fara ganin irinta. A shekarata ta farko a Sheffield ina tsaye a tagar kicin, sai ga magen maƙwabciyarmu ta zo ta sa kai a gindin ƙofa ta shige abinta, kamar mai gida ya dawo daga kasuwa. Nan take na kira wani abokina a Kawo na ce masa Turawa sun gama da matsalar mutane, sun koma ta dabbobi. Shekara tara ke nan. Yau a bayan gidan da nake haya akwai irin wannan 'yar ƙofa, kuma da hannuna na sa ta.

Ginin ne ya tilasta mini. Gidan Ingila kamar kwalba yake da murfinta: ba zaure, ba tsakar gida, ba ƙofar da ke wuni a buɗe da labule. Daga Nuwamba zuwa Maris, ƙofar da ka bari a buɗe minti biyar kuɗin gas ne ke fita ta cikinta. Yara suka matsa sai an kawo mage, aka kawo. Da safe ni na tafi aiki, uwarsu ta tafi nata, su kuma makaranta. Ko dai a kulle ta ciki wuni guda da tiren yashinta, ko a bar ta waje cikin ruwa da sanyi har magariba. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage, ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba. Abinci kam muna ba ta. Amma irin kukan da muke tararwa a bayan ƙofa in mun dawo ya hana ni sakewa.

Sa ta ba wani aiki ne mai wuya ba, sai dai yana da ƙa'ida. Sai da na rubuta wa mai gidan tukuna, don a nan ɗan haya bai isa ya huda ƙyaure da gaban kansa ba. Ya yarda, da sharaɗin in sayi sabon allon roba na ƙasan ƙofar in huda shi, na asalin in adana, ranar tashi in mayar masa. Sannan awo. Daga ƙasa ake aunawa zuwa cikin magen tana tsaye, yawanci inci 4 zuwa 6, a nan bakin ramin zai fara. Tamu ta ƙi yarda da tef, sai da 'yata ta riƙe mata gwangwanin kifi a hanci. A cikin kwalin akwai takarda da aka zana girman ramin. Na manna ta, na bi da fensir, na huda kusurwa huɗu, na sa zarton lantarki na haɗe su. Ɓari ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje, noti ya ɗaure su. Hannuna ya karkace a gefe guda, bakin robar ya rufa mini asiri. Da ƙofar gilashi ce mai ninki biyu da ban taɓa ta ba, domin irin wannan gilashin in an gama shi ba ya yankuwa, tarwatsewa yake. Sai dai a ba da aikin wani da za a yi shi da raminsa tun daga masana'anta.

Kwana goma magen ta yi tana kallon marfin kamar tarko, har ta saba. Murna ba ta daɗe ba. Wata asuba na sauko salla na tarar da wani jibgegen muzuru, ban san na wane gida ba ne, kwance a kan daddumata, ya cinye abincin tamu ya kore ta ƙarƙashin kujera. Dole na canza zuwa mai tsada, wadda ke aiki da batir huɗu, ba ta buɗewa sai ta gane magen gidan. Da me take ganewa? Da wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa da likitan dabbobi ke sawa ƙarƙashin fata a bayan wuya, mai ɗauke da lamba. Kuma wannan ba ganin dama ba ne yanzu. Tun ranar 10 ga Yuni 2024 doka ta wajabta shi a Ingila ga duk magen da ta kai mako 20; wanda aka kama bai sa ba ana ba shi kwana 21, in ya ƙi, tarar tana iya kaiwa fam 500. Na gaya wa Yaya wannan a waya, ya ce, "To, ita ta riga ni samun katin ɗan ƙasa."

Tsohuwar kuwa, marar batir, mai maganaɗisu kawai, ita ce na wanke na sa a jaka da zan zo gida hutun babbar salla. Ina da dalili.

A gidanmu na Tudun Wada inda aka haife mu ba a taɓa rasa mage ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa tasa ce. Ba ta da suna, ba ta da kwano. Ta ci ƙashin kifi da ɗumamen da ya rage, ta kwana a ɗakin ajiya kan buhun masara, da rana ta miƙe a gindin randa inda ƙasa ke da sanyi. Hanyarta kuwa ba sai an yi mata ba. Akwai rariya a gindin katanga inda ruwan wanke-wanke ke fita zuwa kwata, akwai ratar da ke ƙarƙashin ƙyauren zaure, akwai katangar kanta, ta ƙasa, mai sauƙin hawa. Sai da na zauna a Turai na gane cewa abin da Bature yake saye a kwali mu magini ne ke bar mana shi kyauta ba tare da ya yi niyya ba. Su ma ɗin da rami kawai suke yi. A babban cocin garin Exeter akwai wata tsohuwar ƙofa ƙarƙashin agogo mai rami zagayayye a ƙasanta, an yi shi sama da shekara 400 don mage ta riƙa shiga tana korar ɓerayen da kitsen da ake shafa wa agogon ke jawowa. Rariya ce, ba wani abu ba.

Amma Hajiya ba ta Tudun Wada yanzu. Yaya ya yi gini a Kinkinau ya ɗauko ta, kuma gidan irin wanda kowa ke yi ne a Kaduna yau: katanga doguwa da waya mai reza a samanta, get na ƙarfe da ya sauka har ƙasa, tsakar gida shafe da siminti, ruwan kicin ya bi bututu ƙarƙashin ƙasa, tagogi da raga da sandunan ƙarfe. Ban ce ya yi kuskure ba. Wanda ya zauna a garin nan shekarun da suka wuce ya san abin da ya sa kowa ke ƙara wa katangarsa bulo. Sai dai a cikin wannan rufe-rufen an rufe har da mage, ɓera kuwa bai rasa hanya ba. Shi ramin da yatsa zai shiga ya ishe shi, ya bi bututu, ya bi rufi. Magen da Hajiya ta taho da ita ta yage ragar taga biyu tana neman fita, ranar da ta gwada katanga waya ta tsaga mata ƙafa. Matar Yaya ta ce a kai ta ƙauye, ba a dai kai ta ba tukuna. Aka koma sayen maganin ɓera a hannun masu talla, ɗaya ya ci ya je ya mutu cikin silin, suka yi mako ba mai zama a falo.

Wani zai ce mutane na fama da tsadar masara, kai kana maganar ƙofar mage. Ai masarar ce maganar. Buhun da aka saya da kyar shi ɓera ke hudawa ya yi fitsari a ciki, kuma ta wannan fitsari da kashi zazzaɓin Lassa ke kama mutane, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, wadda duk rani sai an ji labarinta. Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa a kanta, bayan adana hatsi a mazubi mai murfi da kai shara nesa da gida, har da ajiye mage. Tamu ta Sheffield, duk da lambarta da likitanta, tsuntsu kawai take kawo mini, wanda ban aike ta ba. Ta Kinkinau ce mai aikin gaske.

Washegari na ɗauki abin muka tafi Panteka da Yaya, wajen mai waldar da ya yi masa ƙofofin gidan. Mutumin ya ɗage baƙin gilashinsa, ya karɓa, ya leƙa ta cikin ramin ya hango ni.

"Alhaji, a wace ƙofar?"

Na ce ta baya, ta ƙarfen nan.

Ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, kullum mutane ke kawo mini ƙofa in ƙara mata kauri. Yau ce rana ta farko da aka zo a rage." Ya zura hannunsa cikin ramin har kafaɗa, ya lanƙwasa shi sama. "Ka ga? Sakatar nan take. Yaro ma ya zare ta." Sannan ya shiga lissafa mini abin da ban kawo a raina ba ina Sheffield. Gafiya tana da ƙarfin ture wannan marfin. Da damina ga kwaɗi, inda kwaɗo ya bi kuma maciji na biye. In iska ta ɗaga shi ga sauro, da hunturu ga ƙura. Na yi shiru, don a inda nake abin da ya fi damunmu da shi shi ne muzurun maƙwabta, sai ɗan sanyin da ke shigowa ta gefe.

Gaskiyarsa ce, kuma a nan na sauka daga kan rabin ra'ayina. Ƙofar ƙarfe ta waje a Kaduna ba abar hudawa ba ce, ko don mage ko don wani abu. Mai batir ɗin ma ba za ta yi amfani ba: ƙarfe yana rikita na'urar da ke karanta lambar, kuma wace mage ce ke da lamba a Kinkinau? Amma ɗaya rabin ina nan a kansa. Mai gini yana zama da magini su tsara inda janareta zai zauna, inda tankin ruwa zai hau, inda za a ɗaure ragon layya, har kejin kaji. Ba wanda ke tambayar ta ina mage za ta bi daga tsakar gida zuwa sito da kicin ɗin waje, alhali nan ne yaƙin yake. Wannan ba ya buƙatar kaya daga Ingila. Rata ce ta inci 6 ko 7 a gindin ƙyauren katako na cikin gida, nesa da sakata, da ɗan allo da za a zura a rufe in an ga dama. Kafinta zai yi shi kafin shayinsa ya huce.

Haka muka yi a ƙarshe. Aka kira kafinta ya sa ƙofar magen da na kawo a ƙofar kicin ɗin waje, inda Hajiya ke girki da gawayi, wanda ke haɗe da sito. Hatsin aka juye a durom mai murfi. Matar Yaya ta ce ta ba magen wata ɗaya ta gani. Na nuna wa Hajiya maɓallin da ke kullewa, na nuna mata yadda za ta riƙa sa ɗan kifi ta ɗaya gefen har magen ta koyi turawa da kai. Ta ce to, irin to ɗin da na sani tun ina yaro.

Bayan na dawo da mako uku muna magana ta bidiyo, jikarta ta juya wayar, sai na hango ƙofar kicin. An ɗage marfin sama an ɗaure shi da ƙyallen atamfa a jikin ƙusa, ramin a buɗe wayam.

Na ce, "Hajiya, ai ba haka ake yi ba. Turawa za ta yi da kanta."

Ta ce, "Dukan wutsiya yake mata. Ni na gani da idona." Ta gyara zama. "In na yi isha'i ina kwancewa in kulle, ita tana ciki wajen aikinta, da asuba in buɗe mata. Jiya biyu ta ajiye mini a bakin murhu. Kai dai in za ka sake zuwa, man zafin nan za ka ƙaro."