Iyalin Matthew Lyon ma sun cancanci a ambace su

Wani labari da na karanta ya yi bayani mai kyau game da ɗaurin da aka yi wa Matthew Lyon, ɗan majalisar wakilan Amurka daga jihar Vermont, a 1798, amma ya taƙaita ƙwarai a kan asalinsa da zuriyarsa. An haife shi a ƙasar Ayalan a 1749, ya iso Connecticut da ke Amurka yana matashi, inda ya yi aikin ƙwadago don biyan kuɗin jirgin da ya kawo shi, sannan ya shiga yaƙin neman 'yancin Amurka. Matarsa ta biyu, Beulah, 'yar Thomas Chittenden ce, gwamnan Vermont na farko, kuma a ganina wannan surukuta ta taimaka masa matuƙa wajen samun gindin zama a siyasar jihar. Saboda sukar Shugaba John Adams aka yanke masa ɗaurin wata huɗu da tarar dala 1,000, duk da haka mutanen Vermont suka sake zaɓensa yana cikin kurkuku. Daga baya ya koma Kentucky ya wakilce ta a majalisa, ɗansa Chittenden Lyon shi ma ya wakilci jihar, kuma sai a 1840 majalisa ta mayar wa magadansa kuɗin tarar.